Burga daga kujerar gaba: yaushe mai fara magana zai yi ƙarya a teburin foka?

A wani shirin talabijin na Amurka mai suna High Stakes Poker, wanda aka nuna a 2010, an buga wani hannu da har yau masu bin wasan karta na foka ba su gama musu a kansa ba. Tom Dwan, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana riƙe da 9 da 8 na shebur. Phil Ivey, wanda a lokacin ya riga ya tara awarwaron zinariya bakwai a gasar duniya ta Las Vegas, yana riƙe da As da 6 na daimon. Aka buɗe karta uku a tsakiya: Sarki na daimon, Sarauniya ta kulob, da 10 na daimon. Dwan bai kama komai ba, amma ya zuba dala 45,800, Ivey ya amsa. Karta ta huɗu ta zo 3 na shebur, ba ta ƙare shi da komai ba, ya zuba 123,200, Ivey ya sake amsawa. Ta biyar ta zo 6 na kulob. Hannun Dwan ko tagwaye, wato karta biyu masu lamba ɗaya, babu, Ivey kuwa ya haɗa tagwayen 6. Dwan ya tura 268,200.

Ba girman kuɗin ne ya sa na ɗauko wannan hannu ba. Abin lura shi ne a kowane zagaye Dwan ne mai fara magana. Sau uku yana zuba dukiya bai san abin da na bayansa zai yi ba. Masana wasan kuwa sun haɗu a kan cewa burgar mai fara magana ita ce mafi tsada.

Kafin mu yi nisa, foka a kan kuɗi caca ce, hukuncin caca kuma ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya yi karatun addini ko da na allo ne. Abin da ya ja ni ga zancen shi ne lissafin da ke ƙarƙashinsa, wanda ya sa malaman jami'a suka shafe sama da shekara tamanin suna tona wasan don su gane yadda mutum ke yanke shawara alhali an ɓoye masa rabin labari.

Nau'in da muke magana a kai shi ne Texas Hold'em. Karta 52 ce, iri huɗu: zuciya, daimon, shebur da kulob. A ba kowa biyu a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke da rabo a cikinsu, uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Kafin buɗin farko da bayan kowane buɗi akwai zagayen zubi. In magana ta zo kanka, ko ka wuce ba ka sa komai ba, ko ka zuba. In wani ya riga ka zubawa, ko ka amsa da daidai abin da ya sa, ko ka ɗaga, ko ka kife kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka sa. Tulin da ke tsakiya ta hanya biyu ake cinsa: ka fi kowa hannu idan an baje karta, ko kowa ya kife ya bar maka. Burga ita ce neman ci ta hanya ta biyu don ka san ta farko ba taka ba ce.

Akwai wani ɗan faifai da ke zagaya tebur yana nuna kujerar mai rabo. Mutum biyun da ke hagunsa su ke sa zubin dole, ƙarami da babba, tun ba su ga karta ba. Da zarar an buɗe ukun farko, na hagun mai rabo ne ke fara magana, shi kuma mai rabo shi ne na ƙarshe, haka za a tafi har hannun ya ƙare. Mu kan ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A wannan tebur abin a juye yake, na baya ne ke jin labarin kowa kafin ya faɗi nasa.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara sayen ragon layya ya san darajar maganar ƙarshe. Ka ce nawa, dillali ya ce taya. Ba ya son kuɗi ya fara fitowa daga bakinsa, don wanda ya fara buɗe baki ya nuna cikinsa. Shi sai ya saurara, ya ce albarka, ko ya sallama. Na kujerar ƙarshe a foka dillalin nan ne. In ka wuce, ya karanta rauni ya zuba, ko kuma shi ma ya wuce ya ga karta ta gaba kyauta. In ka zuba, ya zaɓa ko ya amsa ya bar tulin a daidai, ko ya ɗaga ya kumbura shi. Shi ke rufe kowane zagaye, shi ke yanke girman abin da za a yi faɗa a kai. Kai kuwa ko kartar kyauta ba ka da ikon ɗauka, sai in ya ga dama ya ba ka.

Wannan ba zancen bakin tebur ba ne kawai, an auna shi. A 1950 wani malamin lissafi, Harold Kuhn, ya rage wasan ya koma karta uku rak, Sarki, Sarauniya da Jak, 'yan wasa biyu, kowa ya sa ɗaya a tsakiya, zubi kuma ɗaya ne. Ya warware shi kaf. Ko da kowa ya buga ba kuskure, mai fara magana yana asarar kashi ɗaya cikin 18 na zubi a kowane hannu. Amma abin da ya fi jan hankalina a sakamakon shi ne yadda burga ta rabu tsakaninsu. Na ƙarshe, idan yana riƙe da Jak aka wuce masa, dole ya yi burga sau ɗaya cikin uku, ba ragi ba ƙari. Na farko kuwa yana da zaɓi: yana iya burga da Jak daga ko sau ɗaya babu har zuwa sau ɗaya cikin uku, da sharaɗi guda, cewa duk yawan da ya zaɓa sai ya riƙa zuba Sarki ninki uku na hakan. In ya daina burga gaba ɗaya bai yi asarar komai ba, muddin ya riƙa ɓoye Sarkinsa shi ma, yana wucewa da shi. Wato burgar na gaba ba ta tsayuwa da ƙafarta. A ɗaure take da yawan gaskiyar da yake faɗa ta wannan hanyar. Duk sauran bayanin da zai biyo baya, a ganina, sharhi ne a kan wannan jimla ɗaya.

A 2015 wata tawaga a Jami'ar Alberta ta Kanada, ƙarƙashin Michael Bowling, ta sanar da manhaja mai suna Cepheus wadda ta warware nau'in Hold'em na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. Ta tabbatar da abin da 'yan wasa suka daɗe suna faɗa: kujerar mai rabo tana cin kimanin babban zubin dole 88 a kowane hannu dubu, ba don komai ba sai don wurin zama.

To, sai lissafin burgar kanta, wanda ba shi da wuya. Ka raba abin da ka zuba da jimlar tulin haɗe da zubinka, abin da ya fito shi ne yawan lokutan da kake buƙatar abokin karawa ya kife kafin ka mai da kuɗinka. Zubin rabin tuli yana buƙatar kashi 33 cikin 100. Kashi biyu cikin uku na tuli, kashi 40. Daidai tuli, kashi 50. Ninki biyu na tuli, kusan kashi 67. Wannan lissafi bai san kujera ba, ɗaya ne ga kowa. Inda bambanci yake shi ne mutum ya fi jinkirin kifewa idan shi ne na ƙarshe, domin ya san in ya amsa yanzu zai ga abin da za ka yi a karta ta gaba kafin ya ƙara ko sisi. Da yawa ma sukan amsa ba su da komai, suna jira kawai ka yi sanyi su kwashe. Hannu marar tagwaye yana haɗuwa da ɗaya daga ukun farko kusan sau ɗaya ne cikin uku, saboda haka kowa ya san galibi kai ma ba ka kama ba. Mai zuba sau ɗaya daga gaba, ya ga an amsa ya naɗe hannu, sadaka yake yi.

Shi ya sa shahararriyar burgar da aka fi ba da labari daga baya aka yi ta. A 2003 Chris Moneymaker, wani akanta daga jihar Tennessee da ya samu kujerarsa ta ƙaramar gasa a intanet, ya kai wasan ƙarshe na babbar gasar duniya ta Las Vegas cikin mutum 839. Ya rage shi da Sammy Farha. Moneymaker na riƙe da Sarki da 7, bai kama komai ba har karta ta biyar, Farha na da tagwayen 9. Farha ya wuce, Moneymaker ya tura duka abin da ke gabansa, Farha ya kife, daga baya Moneymaker ya tafi da dala miliyan 2.5. Jarumta ce, ba musu. Amma ya ga Farha ya wuce kafin ya tura. Dwan bai samu wannan gata ba ko sau ɗaya.

Yaushe ke nan na gaba zai buɗe baki da ƙarya? Tambayar farko ba a kan kartarka take ba, a kan rumbunka take. Abin da nake kira rumbu shi ne dukkan hannayen da mai hankali zai iya riƙewa idan ya bi hanyar da ka bi har zuwa nan. Abokin karawarka ba ya ganin karta biyun da ke hannunka, rumbun yake gani, kuma da shi yake yi maka hukunci. A ce kana kujerar babban zubin dole, mai rabo ya ɗaga, ka amsa. Aka buɗe As, Sarki da 7. Wannan fili ba naka ba ne. Da kana da As biyu, ko Sarki biyu, ko As da Sarki, da tun farko ka sake ɗagawa, kowa ya san haka. Shi kuwa duk suna cikin rumbunsa. In ka fito da zubi a nan, labarin da kake bayarwa ba shi da shaida, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Amma a ce 7, 6 da 5 aka buɗe. Yanzu kai ne mai 9 da 8, mai 8 da 4 masu iri ɗaya, mai 7 da 6, mai 6 da 5, duk tarkacen da ka kare kujerarka da su don sun zo da araha. Manyan kartocinsa sun tashi a banza. A irin wannan fili ƙaryarka tana da 'yan'uwa na gaskiya masu yawa da za ta ɓuya a cikinsu.

Makamin da ya fi dacewa da na gaba shi ne kwanton ɓauna: ka wuce, ya zuba, ka ɗaga. Dalili kuwa shi ne yawancin waɗanda suka ɗaga kafin buɗi sun saba su sake zubawa bayan buɗi ko sun kama ko ba su kama ba. Sai ka bar shi ya sa kuɗinsa da rumbu mai faɗi, mai cike da ƙaiƙayi, sannan ka tambaye shi da babbar murya. Wannan ita ce hanya ɗaya da na gaba ke ƙwace maganar ƙarshe a zagaye, ko da na ɗan lokaci ne. Kuma tana gyara wani abu dabam: idan an san kana iya wucewa da hannu mai ƙarfi, shirunka ya daina zama alamar rauni. Shiru ma magana ce, in ka koya wa tebur jin tsoronsa.

Sai dai ba da kowane hannu ake kwanton ɓauna ba. A ukun farko da karta ta huɗu, burgar kirki ita ce mai ƙofar baya, wato hannun da yanzu ba komai ba ne amma yana jiran karta. Mai karta huɗu iri ɗaya yana jiran ta biyar yana da karta 9 da za su cece shi, kuma daga ukun farko zuwa ƙarshe zai cika kusan sau 35 cikin 100. Mai jere huɗu, wato karta huɗu masu bin juna a lamba, da ke buɗe ta sama da ta ƙasa yana da 8, kimanin kashi 31. Idan ka haɗa biyun, misali 9 da 8 na zuciya a kan 7 na zuciya, 6 na kulob da 2 na zuciya, karta 15 ke jiranka, kusan kashi 54. Wannan ma da kyar za a kira shi burga, don ko an amsa maka kai ne da rinjaye a kan tagwaye ɗaya. Na baya yana iya sassauta wannan sharaɗi, tunda in abu ya ƙi zai wuce ya ga karta kyauta. Na gaba ba shi da wannan hutu. Saboda haka ƙofar baya ta fi zame masa dole, kuma tun kafin ya ɗaga ya kamata ya san kartocin da zai ci gaba a kansu da waɗanda zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani zubi da aka daɗe ana yi wa dariya, har Turawa suka laƙaba masa sunan jaki. Shi ne ka amsa a zagayen da ya wuce, sannan ka fara zubawa a sabon zagaye maimakon ka bar wanda ya ɗaga ya ci gaba. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa alamar ɗan koyo. Sai a 2019 Noam Brown da Tuomas Sandholm, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Carnegie Mellon da Facebook, suka fito da manhajar Pluribus, ta buga hannu 10,000 da ƙwararru a tebur mai mutum shida ta fi su. Cikin abin da suka rubuta har da cewa tana yin zubin jakin nan fiye da yadda ƙwararrun mutane ke yi, nesa ba kusa ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin lasisi, suka shiga yi a ko'ina. Kuskure ne. Wurin da yake da ma'ana shi ne inda sabuwar karta ta juya filin ya koma naka. Misali an buɗe Sarki, 7 da 6, ka wuce, ya zuba, ka amsa, sai ta huɗu ta zo wani 7. Wa ya fi yawan 7 a rumbu? Kai, domin da tagwayen tsakiya irin wannan ake amsawa. Shi kuwa zai so ya wuce ya huta. In ka jira shi, 'yan ukunka na gaskiya, wato 7 uku, ba za su samu kuɗi ba, don haka sai ka fara zubawa da su, kuma a inuwarsu 'yan hannayenka masu jiran jere su bi. Dokar Kuhn ce dai ta dawo cikin wata riga.

Mafi sauƙin dama ga na gaba, wadda kuma aka fi sakaci da ita, ita ce bayan kowa ya wuce. Ya ɗaga kafin buɗi, aka buɗe uku, ka wuce, shi ma ya wuce. Yanzu karo na farko kai ne ka ji labarinsa. Yawancin mutane ba sa iya riƙe hannu mai ƙarfi su yi shiru a filin da ke da haɗari, saboda haka wucewarsa ta sare kan rumbunsa. Zubi a karta ta huɗu yana cin tuli da yawa a nan, musamman in kartar ƙarama ce. In As ko Sarki ne ya faɗo, a yi hattara, don su ne ainihin abin da yake wucewa da su yana jira.

A karta ta biyar komai ya canja. Babu sauran jira, hannu ko ya ci ko bai ci ba. A nan ne abin da John von Neumann da Oskar Morgenstern suka nuna tun 1944 yake aiki sak: mai fara magana ya zuba da mafi kyawun hannayensa da kuma mafi muninsu, na tsakiya ya wuce da su. Da farko abin yana kama da wauta, me zai sa ka zaɓi mafi lalacewa? Amma duba. Hannun tsakiya yana iya ci in an baje, to in ka zuba da shi wanda ya fi ka ne zai amsa, wanda ka fi kuma ya kife, ka yi asara ta ko'ina. Wanda ba shi da ko fatan ci kuwa ba abin da zai rasa sai zubin. Yawan burgar ma a ƙayyade yake. In zubinka daidai tuli ne, mai amsawa yana buƙatar ya yi daidai sau ɗaya cikin uku, don haka ƙarya ɗaya ga gaskiya biyu. In rabin tuli ne, ɗaya ga uku. Ƙaramin zubi ba ya ɗaukar ƙarya da yawa. Libratus, yayar Pluribus, wadda ta doke ƙwararru huɗu a hannu 120,000 a Pittsburgh a Janairun 2017, ta ba su mamaki da zubin da ya ninka tuli sau da yawa, kuma dalilin ke nan: babban zubi yana ba da wurin ɓoye burga mai yawa, in dai akwai manyan hannayen da za su tsaya mata.

Akwai kuma wata dabara mai ɗan zurfi, ta duba abin da kartarka ta toshe. Duk kartar da ke hannunka ba ta hannunsa. In karta uku na zuciya suna tsakiya kana riƙe da As na zuciya shi kaɗai, ka san ba shi da mafi girman hannu a wannan iri, kai kuma kana iya da'awarsa. Burga ce mai kyau. Amma in jiran zuciya ya faɗi a banza, ba ta cika ba, kuma kai ne ke riƙe da zuciya biyu, to ka rage yawan hannayen da zai kife, tunda irin abin da kake so ya riƙe yana wurinka. Mutane da yawa a nan suke faɗawa. Sun bi jira zagaye biyu, bai zo ba, zuciya ta ɗebe su, suka tura. Wannan haushi ne aka yi wa rawani.

Abu biyu suna rushe duk wannan gini, kuma ba sa buƙatar dogon bayani. Na farko yawan mutane. In kowane ɗaya zai kife sau 60 cikin 100, su biyun tare za su kife sau 36 ne kacal, kuma kai ne za ka yi magana kafin dukansu. Na biyu mutumin da ba ya kifewa. Akwai shi a kowane tebur, ya zo ne ya ga ƙarshen kowane hannu. Ba a yi wa kurma kirari. Shi sai dai ka jira hannun gaskiya ka sa ya biya. Zurfin kuɗi ma yana da tasiri: in abin da ya rage a gabanku kaɗan ne a kan tulin, tura duka tun da wuri yana kashe fifikon kujera baki ɗaya, don babu sauran zagayen da zai yi amfani da shi. In kuɗin da zurfi, kowane zagaye sabon haraji ne a kanka.

Mu koma wurin Dwan da waɗannan ma'aunai. Kafin buɗi, wani ya ɗaga zuwa 3,900, mutum uku suka amsa har da Ivey, sai Dwan daga kujerar zubin dole ya sake ɗagawa zuwa 28,900. Tun daga nan ya gina labarinsa: wanda ya yi haka yana iya riƙe As biyu, Sarki biyu, Sarauniya biyu, As da Sarki, As da Jak. Ivey kuwa sau biyu ya samu damar ɗagawa bai yi ba, amsawa kawai ya yi, abin da ke rage zaton manyan tagwaye a rumbunsa. Filin Sarki, Sarauniya da 10 na Dwan ne ko da kartarsa ba ta taɓa shi ba. Ƙofar baya fa? A nan ne raunin yake. Jak kaɗai yake jira, karta huɗu, kuma ko Jak ɗin ya zo duk mai riƙe da As ya fi shi jere, Ivey ma yana cikinsu. Ni a ganina zubin farko da na biyu sun fi na uku wuyar karewa, duk da na ukun ne ake ta yi wa tafi.

Na ukun kuwa ya cika kusan kowane sharaɗi. Hannun da babbar kartarsa 9 ce kusan ba ya cin kowa, ko yawancin jiran da ya faɗi a banza ya fi shi, don haka in ya wuce ya sallama tulin 408,700. Ba ya riƙe da daimon ko ɗaya, bai toshe hannayen da yake fata Ivey ya kife ba, kuma lalle jiran daimon Ivey ya bi zagaye biyu. Zubin 268,200 kusan kashi biyu cikin uku ne na tuli, yana buƙatar a kife sau 40 cikin 100. Ivey kuma, don ya amsa, yana buƙatar ya zama burga ce sau 28 cikin 100 ko fiye, kuma ya san da wa yake, don a lokacin ba a san Dwan da komai ba kamar rashin tsoron tura kuɗi. Tagwayen 6 ba sa cin ko ɗaya daga hannayen gaskiyar da Dwan ke da'awa, burga kaɗai suke ci. Shi ya sa Ivey ya daɗe. Ya yi mintoci yana juya tsabar da ke gabansa, yana duban Dwan, yana magana ƙasa-ƙasa, masu kallo a gida suna ganin kartar kowa suna jira. Da ya amsa, da tulin ya haura dala 945,000 kuma nasa ne. Daga ƙarshe ya tura kartarsa ga mai rabo a kife.